Sharhi: Toshe kafofin sada zumunta lokacin bala'i, da darasin guguwar Helene ga jama'ar zango



Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ne lokacin mahaukaciyar guguwa a wannan ɓangare na Amurka. A cikin waɗannan watanni ne kuma damina ke kankama a gida, kogi ya cika a Yamai, gulbin Maraɗi ya tumbatsa, a buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso ruwa ya gangaro arewacin Ghana. Shi ya sa a irin wannan lokaci hankalin kowane magidanci a cikinmu ke rabuwa biyu, yana sauraron hasashen yanayi na nan, yana kuma leƙa zauren WhatsApp na dangi.

Duk sanda wani bala'i ya auku, muhawara ɗaya ce ke tasowa a tsakaninmu, ko bayan sallar Juma'a ko a wurin suna: shin bai kamata gwamnati ta rufe Facebook da TikTok da X na 'yan kwanaki ba, har ƙura ta lafa, tunda ƙarya ta fi gaskiya saurin tafiya a kansu? Da yawa daga cikin dattawanmu na da wannan ra'ayi, kuma ba su faɗe shi don wasa ba. Damuwarsu gaskiya ce. Amma da muka bi abin da ya faru a nan jiharmu da sauran wurare, mun ga cewa maganin da ake nema ya fi cutar lahani.

Abin da ya faru a yammacin jiharmu

Guguwar Helene ta sauka a jihar Florida daren 26 ga Satumba, 2024. Washegari ta iso yankin duwatsu na yammacin Karolina ta Arewa, tafiyar kusan awa uku daga Greensboro a kan babbar hanyar I-40. Sama da mutum 100 suka rasu a jihar nan kaɗai, kuma gwamnatin jiha ta ƙiyasta ɓarnar da kusan dala biliyan 60. Wani sashe na I-40 ya rufta cikin kogi kusa da iyakar Tennessee. Birnin Asheville bai sake samun ruwan famfo da za a iya sha ba sai 18 ga Nuwamba.

Babu gwamnatin da ta toshe intanet a lokacin. Ruwa da iska ne suka toshe shi. Turakun sadarwa sun faɗi, wayoyin ƙarƙashin ƙasa sun tsinke, wutar lantarki ta ɗauke. A wasu gundumomi yawancin turakun sun daina aiki gaba ɗaya. Ta haka muka gani da idonmu yadda gari ke zama idan sadarwa ta yanke ana tsakiyar bala'i. Mutane sun yi kwanaki ba su san ko iyayensu na raye ba. An yi ta hawa tudu ana ɗaga waya sama ko za a samu sabis. Gidajen rediyon Asheville suka koma karanta saƙonnin cigiya dare da rana, kamar yadda muka saba ji a gida. Da sabis ya fara dawowa kuwa, a zaurukan Facebook na unguwanni aka riƙa sanar da hanyar da ke buɗe, inda ake rabon ruwa, da tsohuwar da ke buƙatar maganin ciwon suga.

A kan waɗannan kafofi dai ƙarya ma ta yi kasuwa. An ce hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, dala 750 kawai za ta ba wanda ya rasa gida, alhali wannan kuɗin somin-taɓi ne na abinci da buƙatun gaggawa kafin sauran tallafi. An ce duk wanda ya karɓi tallafi za a ƙwace masa fili. An ce gwamnati ce ta sarrafa guguwar don ta mallake ma'adinai a ƙauyen Chimney Rock. An ce kuɗin agaji ya ƙare ne saboda an kashe shi a kan baƙin haure, maganar da ta taɓa mu kai tsaye tunda mu ma baƙi ne. Har hoton wata yarinya tana kuka a jirgin ruwa rungume da ɗan kwikwiyo ya zaga duniya, daga baya aka tabbatar kwamfuta ce ta ƙirƙira shi.

Jita-jitar ta yi ɓarna ta zahiri. Ranar 12 ga Oktoba, an janye ma'aikatan FEMA daga bi gida-gida a gundumar Rutherford saboda barazana, aka kuma kama wani mutum ɗauke da bindiga a yankin Lake Lure. Abin lura shi ne, labarin da ya fara tayar da hankalin jami'ai, cewa motoci cike da 'yan bindiga na farautar ma'aikatan agaji, shi ma bai tabbata ba. Mutum ɗaya aka samu.

Yadda aka tunkari matsalar shi ne abin koyi. FEMA ta buɗe shafi na musamman tana ɗaukar jita-jita ɗaya bayan ɗaya tana warwarewa. Ranar 8 ga Oktoba, ɗan majalisar wakilai na yankin, Chuck Edwards, ɗan jam'iyyar Republican, ya fitar da sanarwa yana ƙaryata labaran, ciki har da waɗanda wasu 'yan jam'iyyarsa ke yaɗawa. Gwamnan lokacin, Roy Cooper, da shugabannin 'yan sandan gundumomi da magadan gari suka riƙa fitowa suna bayani. Ƙaryar ba ta mutu duka ba, amma mai neman gaskiya ya san inda zai same ta, kuma mai cigiyar ɗan uwansa bai rasa hanyar yi ba.

Inda aka gwada toshewa

Turkiyya ce misali mafi bayyana. Ranar 6 ga Fabrairu, 2023, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa kudancin ƙasar, ta hallaka sama da mutum 50,000 a Turkiyya kaɗai. Waɗanda gini ya danne sun riƙa aika adireshinsu ta Twitter daga ƙarƙashin ɓaraguzai, masu sa kai na tattarawa suna miƙa wa masu ceto. Ranar 8 ga wata, ana tsakiyar sukar gwamnati kan jinkirin agaji, sai aka taƙaita shiga Twitter a ƙasar. Hujjar ita ce yaƙi da labaran ƙarya. Ba a cika kwana guda ba aka buɗe, bayan ƙorafi daga ko'ina. Sai dai duk mai aikin ceto ya san kwana ukun farko su ne ake fi samun mutane da rai, kuma a cikinsu ne aka cinye waɗannan awoyi.

A Myanmar ma, da girgizar ƙasa mai maki 7.7 ta auku ranar 28 ga Maris, 2025, ta tarar da yankuna irin su Sagaing da sojoji suka daɗe da katse musu intanet saboda yaƙi. Labarin girman ɓarnar ya yi jinkirin fitowa, agaji ya yi jinkirin shiga.

Wani lokacin kuma kamfani ne ke rufe ƙofar. A watan Agustan 2023, kamfanin Meta ya cire labaran jaridu da gidajen rediyo daga Facebook da Instagram a Kanada, saboda taƙaddama da gwamnati kan dokar biyan kafafen yaɗa labarai. A watan ne wutar daji ta tilasta kwashe mutanen birnin Yellowknife. Jama'a na gudun wuta, amma ba sa iya tura wa juna rahoton gidan rediyon garinsu ta Facebook, sai dai su ɗauki hoton rubutun su tura.

Mu ma mun ɗanɗana a gida

Wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar ba ya buƙatar a ba shi labarin katse sadarwa. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni, 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022, a lokacin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ke amfani da shi wajen sanar da alƙaluman korona. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya don yaƙi da 'yan bindiga, sannan a ƙananan hukumomi 13 na Katsina da wasu sassan Sakkwato da Kaduna. Mako biyu aka ce da farko, amma wurare da dama suka yi watanni. Mutanen Gusau sun riƙa zuwa Funtuwa don su yi waya, har ita ma Funtuwar aka rufe ta. A shekarar ne kuma annobar amai da gudawa ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, akasarinsu a Arewa. Mai haƙuri a ƙauye ba shi da hanyar kiran mota, mu kuma da ke nan ba mu da hanyar jin lafiyar iyaye ko tabbatar da cewa kuɗin da muka tura ya isa.

A Nijar, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 21 ga Fabrairu, 2021, an katse intanet na wayar hannu kimanin kwana goma. Duk waɗannan an yi su ne da sunan tsaro ko siyasa, ba don ambaliya ba. Amma hannun da ya saba da makulli, ranar da ruwa ya zo ma can zai nufa. Kotun ECOWAS ta riga ta yi hukunci a kan wannan: a watan Yunin 2020 ta ce katse intanet da Togo ta yi a 2017 ya saɓa doka, a watan Yulin 2022 kuma ta faɗi haka game da dakatar da Twitter a Najeriya.

Mu tuna da daminar 2024. Daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, ƙasa da mako uku kafin Helene. A Nijar ambaliyar shekarar ta kashe sama da mutum 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ta yaya muka sani a nan Greensboro? Ta hotunan bidiyo da saƙonnin murya da 'yan uwa suka turo kafin kowace jarida ta buga. Da su aka gano waɗanda suka maƙale a kan rufin gidaje, da su kuma aka tara gudummawa a zangunan duniya. Haka aka yi a Ghana a 2023, da aka saki ruwan madatsar Akosombo ya cinye Mepe da garuruwan da ke ƙasa da ita.

Ba mu manta da ɗaya ɓangaren ba. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zaga Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An rasa rayuka, an kwantar da wasu a asibiti. Sai dai wannan saƙo ya bi ta kiran waya da saƙon tes da bakin maƙwabta, har ƙauyukan da ba su da intanet. Da an rufe Facebook a daren, da bai tsaya ba. Abin da ya kashe shi shi ne fitowar likitoci da hukumomi a rediyo da talabijin washegari.

Wa zai riƙe makullin?

Wanda ke cewa a rufe yana ɗauka cewa gwamnati alƙali ce da ba ta da hannu a shari'ar. A lokacin bala'i kuwa, gwamnati na cikin waɗanda ake tuhuma. Ita ake tambaya me ya sa ba a gyara madatsa ba, me ya sa gargaɗi bai zo da wuri ba, ina kayan agaji suka shiga. A Maiduguri, kwanaki kaɗan kafin ruwan ya shigo gari, jami'an jiha sun kwantar wa jama'a hankali game da madatsar Alau. A birnin Zhengzhou na ƙasar Sin, bayan ambaliyar Yulin 2021, binciken gwamnatin tsakiya da kanta ya gano cewa jami'an birnin sun ɓoye adadin mutum 139 daga cikin waɗanda suka mutu ko suka ɓace. Idan wanda ake tuhuma shi ke da ikon cewa wannan magana jita-jita ce a rufe ta, to gaskiyar da ba ta yi masa daɗi ba ce za ta fara shiga kurkuku.

Akwai kuma abin da kowa ya sani a zango: idan aka hana magana a fili, sai ta koma raɗa. Mutumin da ya ga an rufe masa kafa ba ya cewa hukuma na kare shi, cewa yake akwai abin da ake ɓoyewa. Masu kuɗi da 'yan boko za su zagaya ta manhajar VPN, kamar yadda aka yi a Najeriya a 2021. Talaka da tsoho da mace a ƙauye su ne za a bari cikin duhu, su ne kuma ruwa ya fi ci.

Wannan ba ya nufin hukuma ta naɗe hannu. Tana da damar gurfanar da wanda ya yi barazana ga ma'aikacin agaji, da ɗan damfarar da ya buɗe asusun gudummawa na bogi, da ɗan kasuwar da ya ninka farashin mai ko ruwa, abin da dokar Karolina ta Arewa ta haramta idan an ayyana dokar ta-ɓaci. Waɗannan matakai suna kama mai laifi shi kaɗai. Toshewa kuwa hukunta gari ne gaba ɗaya saboda laifin mutum goma.

A nan Amurka fa?

Gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka ya ɗaure hannun gwamnati sosai wajen hana magana, shi ya sa ba a yi maganar rufe wata kafa ba lokacin Helene. Amma batun bai mutu ba. A watan Yunin 2024, Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar Murthy da Missouri, wadda ke ƙalubalantar yadda jami'an tarayya ke matsa wa kamfanoni su cire wasu rubuce-rubuce, ba tare da ta yanke hukunci kan ainihin tambayar ba. A watan Janairun 2025 kotun ta amince da dokar da ta shafi TikTok, manhajar ta ɗauke na wasu awoyi a faɗin ƙasar. A watan ne kuma Meta ya sanar da daina aiki da masu tantance gaskiyar labarai a Amurka. Ma'ana, a guguwa ta gaba babu wanda zai tace mana labari kafin ya iso wayarmu. Aikin ya dawo kanmu.

Kuma muna da rauni na musamman. Gargaɗin gaggawa da ke shigowa waya da ƙara yana zuwa ne da Turanci ko Sifaniyanci. Babu Hausa, babu Zabarmanci. Mahaifiyar da ta zo renon jika, da ɗan uwan da ya sauka watanni uku da suka wuce, ba su da wata majiya sai zauren WhatsApp. Idan zauren ya yi gaskiya sun tsira, idan ya yi ƙarya sun shiga uku.

Kada kuma mu ɗauka bala'i na mutanen duwatsu ne ko na bakin teku. Ranar 15 ga Afrilu, 2018, guguwar tonado ta ratsa gabashin Greensboro, ta kashe mutum ɗaya, ta lalata makarantun firamare uku. A watan Yulin 2025 guguwar Chantal ta cika kogin Haw a gundumar Alamance da ke maƙwabtaka da mu, ta shiga gidaje da shaguna a Chapel Hill, aka yi asarar rayuka. A Summerfield kuwa yawancin gidaje da rijiyar burtsatse suke amfani, don haka ranar da bishiya ta faɗa kan wayar lantarki, ruwa ma ya tafi.

Abin da ya rage gare mu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna ba shugabannin ƙungiyoyinmu da limamai da shugabannin mata shawarar su zauna tun yanzu a kan waɗannan:

Kowane zaure ya naɗa mutum biyu ko uku masu jin Turanci sosai, su riƙa bin sanarwar hukumar hasashen yanayi ta ƙasa da ta gundumar Guilford, su mayar da ita saƙon murya da Hausa da Zabarmanci. Kowane saƙo ya fara da sunan mai magana, rana da lokaci, da inda aka samo labarin. A lokacin gaggawa, masu kula da zaure su taƙaita turo saƙo ga waɗannan mutane na ɗan lokaci, a bar wani zaure a buɗe don cigiya da neman taimako. Wannan tsari ne da muka yarda da shi da kanmu, muna kuma iya warware shi da kanmu.

Kowane gida ya yi rajista da tsarin sanarwar gaggawa na gundumar Guilford, wato GEANI. A koya wa kowa bambancin kalmomi biyu da ke fitowa a waya: "Watch" na nufin a zauna cikin shiri, "Warning" na nufin abin ya iso, a nemi mafaka nan take. Lambar 911 ta ceton rai ce, 211 kuma ta neman matsuguni da abinci da bayani.

A ajiye rediyo mai batir, da ruwan sha na aƙalla kwana uku, da lambobin waya a rubuce a takarda. Idan sabis ya yi rauni, saƙon tes ya fi kira saurin wucewa. A raba sunayen tsofaffi da masu jego da masu aikin dare, kowa ya san wanda zai leƙa.

Kada tsoron takardu ya hana kowa zuwa matsugunin gaggawa ko karɓar abinci da ruwa. Game da tallafin kuɗi na FEMA akwai sharuɗɗa, amma iyaye na iya nema a madadin ɗansu ƙarami da ke zaune tare da su idan ɗan ƙasa ne. Mai shakka ya tambayi lauya ko ƙungiyar taimakon baƙi, kada ya dogara da abin da ya ji a TikTok.

Idan bidiyon ambaliya ya zo daga gida, a kira wani da ke garin kafin a tura. Sau da yawa na shekarun baya ne ko na wata ƙasa. Gudummawa kuma a bi da ita ta hannun kwamitin da aka sani, mai kawo rasit da bayani. Umarnin bincika labari kafin aiki da shi yana cikin Suratul Hujurat, malamanmu sun fi mu sanin bayaninsa, muna roƙon su riƙa tunatarwa a huɗuba.

A ƙarshe, mu da ke waje muna da bakin da 'yan uwanmu na gida ba koyaushe suke da shi ba. Duk ranar da wata gwamnati, a Abuja ko Yamai ko Accra ko Lome, ta kai hannu ga layin sadarwa alhali jama'a na cikin ruwa, ya kamata ƙungiyoyinmu su rubuta wa ofishin jakadancinta cikin ladabi, su ce a buɗe. Ghana ta nuna ana iya fasawa: a 2016 shugaban 'yan sandan ƙasar ya yi maganar rufe kafofin sada zumunta ranar zaɓe, jama'a suka ƙi, aka yi zaɓen ba a rufe ba.

Allah Ya kare mu da iyalanmu na nan da na gida, Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.